Gilashin Kusa: Yadda Uwargida Za Ta Ɗauki Hoton Kayanta Na Gado

   

Yau wasiƙa ce za ta buɗe mana zance. Wata baiwar Allah ce ta aiko daga cikin birnin Zariya. Ta ce mahaifiyarta ta rasu, Allah Ya ji ƙanta, ta bar mata wani tsohon gwangwani cike da kuɗin da, su anini da sisi da sule, da zoben azurfa biyu, da 'yan kunne na zinari. Yayanta da ke Legas ya ce ta turo masa hotunansu ya nuna wa wanda ya san darajarsu. Ta ce ta ɗauka ya fi sau ashirin da wayarta, duk dishi-dishi suke fita, rubutun jiki ba ya karantuwa. Tambayarta ita ce, wayar ce ba ta da kyau, ko ita ce ba ta iya ba?

To 'yar uwa, ba laifin wayarki ba ne, ba kuma laifinki ba ne. Amma kafin in amsa miki, bari in faɗa muku abin da ya sa na ɗauki wannan wasiƙa da muhimmanci.

A danginmu akwai wata goggona da ta ba da aron sarƙarta ta zinari aka je biki. Bayan kwana uku aka dawo mata da ita, ta mayar akwati. Wata shida bayan nan buƙata ta taso, ta aika da sarƙar wurin maƙerin zinari, sai ya ce ai wannan ruwan zinari ne kawai aka yi mata. Goggo ta rantse musanya aka yi mata. Wadda ta ara ita ma ta rantse abin da aka ba ta shi ta mayar. Aka nemi shaida, babu, sai wani hoton suna da aka ɗauka daga nesa, sarƙar kamar zare a wuyan goggo. Allah kaɗai Ya san gaskiyar wannan magana. Abin da muka gani mu dai shi ne, gida biyu da suka shekara talatin suna musayar tuwon sallah, yau ko gaisuwar mutuwa da ƙyar ake yi. Da akwai hoto guda ɗaya na kusa, wanda ya nuna tambarin sarƙar da maɗaurinta, da zancen bai kai haka ba.

Mu da muke cikin gida, kayanmu sun fi mu yawo. Dillaliya ta fita da su, yaro ya kai gyara, 'yar uwa ta ara. Hoto mai kyau shi ne shaidar da ke zama tare da ke bayan kayan sun fita. Hausawa suka ce gani ya kori ji.

Me ya sa hoton ke fita dishi-dishi?

Uwargida, ɗaga yatsarki ki kawo ta kusa da idonki a hankali. Akwai inda za ta zo ki daina ganinta sosai, ko ba haka ba? To haka idon kyamara yake. Kowane gilashin kyamara yana da iyakar kusancin da zai iya gani tar. Babban idon yawancin wayoyi yana buƙatar tazarar kamar santimita 8 zuwa 15, wato tsawon yatsa zuwa taƙi guda ba kaɗan. In kika wuce wannan iyaka, ko sau ɗari kika danna, hazo za ki samu.

Maganin wannan shi ne gilashin kusa, wanda masu sana'ar hoto ke kira makiro. Gilashi ne da aka ƙera don ya ga ƙaramin abu daga kusa, ya fito da shi babba, ba tare da ya dusashe ba.

A jikin irin wannan gilashi, ko a kwalinsa, za ki ga an rubuta 1:1 ko 1:2. Ga ma'anarsu. A cikin kowace kyamara akwai wani ɗan allo da hoto ke sauka a kansa. A manyan kyamarori faɗinsa milimita 36 ne, tsayinsa 24, kamar ƙaramin kan sarki na wasiƙa. In an ce 1:1, ana nufin girman abu a zahiri shi ne girman hotonsa a kan wannan allo. Anini faɗinsa kamar santimita 2 ne, to a 1:1 zai kusa cika tsayin hoton gaba ɗaya. In an ce 1:2, rabin girmansa ne zai sauka. Masu sana'a ba sa kiran gilashi makiro na gaske sai ya kai 1:1, ko aƙalla 1:2.

Amma ki lura, ba kullum ne mafi girma ya fi amfani ba. Liyari, wannan babban kuɗin azurfa da kakanninmu ke maƙalawa a abin wuya, faɗinsa kamar santimita 4 ne. A 1:1 ba zai ma shiga hoton ba, sai an ja baya zuwa 1:2. Saboda haka tambaya ta farko kafin ki kashe ko kwabo ita ce: me zan ɗauka, kuma yaya girmansa? In aikin hula ne, ko zanen bakin tasa, ko awarwaro, wayarki kaɗai ta isa. In tambarin cikin zobe ne, wanda bai wuce milimita 2 ko 3 ba, to nan ne gilashin kusa ya zama dole.

Hanyoyi huɗu, daga mai sauƙi zuwa mai tsada

Hanya ta farko ba ta cin ko sisi. Ki ja wayar baya har abin ya fito tar, ki ɗauka, sannan ki yanke gefen hoton ki bar tsakiya. Wayar da ke da megafiksel 12 ko fiye, ko an yanke rabin hoton, abin da ya rage ya isa a karanta shekarar da ke jikin sule. Wannan ya fi ki matsa kusa ki samu hazo. Ki kuma duba cikin kyamarar wayar, ko akwai alamar fure ko kalmar makiro. Tun wajen 2021, lokacin da iPhone 13 Pro ta fito da iya ɗauka daga tazarar santimita 2, manyan wayoyi da yawa suna da wannan. Ƙananan wayoyi kuma wasunsu suna da ɗan ido na daban don kusa, mai megafiksel 2, wanda ke ɗauka daga kamar santimita 4. Shi wannan sau da yawa babban idon ya fi shi fitar da hoto. Ki gwada duka biyun a kan abu ɗaya, idonki zai raba miki gardama.

Hanya ta biyu ita ma tana iya kasancewa a cikin gidan. Tabaran karatu na tsofaffi, ko gilashin ƙara girman rubutu, ko ɗan gilashin da maƙeran zinari ke sa wa a ido, duk in kika manna su a gaban idon waya, za su rage mata tazara. Lambar da ke jikin tabarau ita ke nuna ƙarfinsa. Mai +4 yana gani tar daga santimita 25 zuwa ƙasa, gilashi mai +10 kuwa daga santimita 10. Lissafin shi ne a raba 100 da lambar.

Hanya ta uku ita nake ba yawancinmu shawara, wato ɗan gilashin da ake maƙala wa waya da abin matsi kamar na shanya. Masu sayar da kayan waya suna da shi, kuma kuɗinsa bai kai na turmin atamfa mai kyau ba. Ana rubuta 10x ko 15x ko 20x a jikinsa. Ki zaɓi 10x. Lamba na hawa, tazara na raguwa, riƙewa na ƙara wuya, kuma abin da ke shiga hoton na ƙara ƙanƙancewa. Ko mai 10x ɗin ma sai kin kawo shi kamar santimita 2 zuwa 3 daga kayan. Ga wani abu da ke rikita mutane: sau da yawa gilashi biyu ne ake ɗaure su wuri ɗaya, na faɗaɗa hoto a sama, na kusa a ƙasa. Sai kin murɗe na saman kin cire, sannan na kusan zai yi aiki. Mata da yawa sun jefar da nasu cikin kwaba suna cewa jabu ne, alhali murɗewa kawai ya rage. Ki cire rigar wayar kafin ki maƙala, kuma in wayar mai ido uku ce, ki rufe su ɗaya bayan ɗaya da yatsa ki gane wanne ne babban, shi za ki maƙala wa.

Hanya ta huɗu ta masu babbar kyamara ce, irin wadda ake cire gilashinta a sa wani. Na san a cikin masu sauraro akwai wadda maigidanta ko ɗanta ke sana'ar hoto, akwai kuma wadda sana'ar sarƙa da duwatsu ta kai ta sayi tata. A nan lambar da za a duba ita ce ta milimita. Akwai masu 50 zuwa 60, akwai masu 90 zuwa 105, akwai masu 150 zuwa 180. Dukkansu suna iya kai wa 1:1, bambancin shi ne tazarar da suke bari tsakanin bakin gilashi da kaya. Mai 60 yakan bar ƙasa da santimita 10, har inuwar kyamarar ta rufe kayan. Mai 100 yakan bar kamar 13 zuwa 15, wadda ta isa haske ya shiga. Masu 150 zuwa sama an fi yin su don masu ɗaukar ƙwari da ke tashi in an matso, ga nauyi ga tsada, mu kuwa zobe ba ya tashi. Don haka na tsakiya shi ne daidai: Canon suna da mai 100, Nikon da Sigma suna da mai 105, Tamron mai 90. Su Nikon Micro suke rubutawa a nasu, kada wannan ya ruɗe ku, abu ɗaya ne. A tabbata bakin gilashin ya dace da irin kyamarar, don na wani kamfani ba ya shiga na wani haka kawai. A kuma yi hattara da gilashin jawo nesa da aka rubuta wa makiro a jiki, da yawansu 1:3 ko 1:4 kawai suke kai wa.

Sabon irin wannan gilashi ya fi keken ɗinki tsada. In kuɗin bai kai ba, akwai wasu zobba marasa gilashi da ake sa wa tsakanin kyamara da gilashinta na kullum, su ƙara masa gani kusa. Suna rage haske, kuma muddin suna jiki ba a iya ɗaukar abin nesa, amma suna biyan buƙata.

Gwaji kafin biya

Tunda ba ke za ki je kasuwa ba, ki koya wa wanda za ki aika wannan gwaji, ko maigida ne ko yaro. Ya tafi da wayar, da takardar da ke zuwa cikin kwalin magani, mai ƙananan rubutu. Ya maƙala gilashin a gaban mai kanti ya ɗauki rubutun. A duba abu uku. Rubutun tsakiya ya fito tar? Na gefe ya karantu, ko ya narke? Akwai launin shuɗi ko ja da ke bin gefen baƙaƙen? In gefe ya ɗan yi laushi kaɗan, ba komai, haka masu sauƙin kuɗi suke. In kuwa tsakiya kaɗai ke fita kamar ƙwayar ido, a ajiye a ɗauki wani. Ya kuma tambaya ko na gilashi ne ko na roba, don na roba saurin karcewa gare shi. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce. Gwaji shi ne shaida.

Natsuwa, shimfiɗa da haske

Lokacin da muke karatun aikin jarida a jami'a, a darasin ɗaukar hoto, na yi mako guda ina zargin kyamarar makaranta, ashe hannuna ne ke rawa. Gilashin da ke ƙara girman zobe, yana ƙara girman rawar hannu. Ko numfashinki ya isa ya ɓata hoto. Don haka kada ki riƙe wayar a iska. Ki jera littattafai, ko ki kifa langa, ki kwantar da wayar a kai, idonta ya leƙo ta baki yana kallon ƙasa, ki ɗora wani abu mai ɗan nauyi a ɗaya gefen kada ta faɗo. Kayan kuma ki sa shi a ƙasa. In tazarar ba ta yi ba, kada ki motsa wayar, ki riƙa ƙara takardu ƙarƙashin kayan har ya fito tar. Ki taɓa fuskar wayar daidai wurin da kike so ya fito, ki danne na ɗan lokaci, yawancin wayoyi za su kulle saitin a nan. Sannan ki sa agogon jira na daƙiƙa 3, ki danna, ki ɗauke hannunki, wayar ta ɗauka da kanta. Mai babbar kyamara ya yi amfani da abin ɗorawa mai ƙafa uku, shi ma da agogon jira.

Na biyu, shimfiɗa. Wannan shi ne sirrin da ya fi ba sabbin shiga mamaki. In aka matso ƙwarai, zurfin abin da ke fita tar ɗan kaɗan ne. A babbar kyamara, a 1:1, in an sa ƙofar haske a f/8, kamar milimita 1 ne kacal, bai kai kaurin tsinken ashana ba. Abin da ya fi haka kusa ko nisa, hazo ne. Shi ya sa kuɗi ko tambari dole ya kwanta daidai, wayar ma ta kwanta daidai a samansa, kamar faifai a kan kwano. In ɗaya ya karkace, rabin rubutu zai fito rabi ya ɓace. Abin da ba ya kwanciya, kamar zobe, ki kafa shi a cikin ɗan ƙullun fulawa mai tauri da aka rufe da leda, ko a tsagin soso. Masu babbar kyamara su sani, lambar f na hawa, ƙofar na tsukewa, zurfin na ƙaruwa. Daga f/8 zuwa f/11 shi ne daidai, f/16 in ya zama dole. In aka kai f/22 hoton gaba ɗaya yakan yi laushi. Masu sana'a sukan ɗauki hotuna da yawa, kowanne da inda ya fito tar, su haɗa su a kwamfuta. Mu ba sai mun kai can ba. Ki ja baya kaɗan, zurfin zai ƙaru da kansa.

Na uku, haske. Ki kashe filasha. A wannan kusanci filasha fari fat take mayar da ƙarfe. Hasken da ya fi kyau kyauta ne: bakin taga ko ƙofar ɗaki da hantsi, ko inuwar rumfa a tsakar gida, inda rana ba ta bugu kai tsaye. In hasken ya yi ƙarfi, ki rataya farin mayafi mara kauri a tagar ya tace shi. Ki ajiye farar takarda a tsaye a ɗaya gefen kayan, ta dawo da haske wajen da ke da inuwa. Kada ki ɗauki zinari ƙarƙashin ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa, don zai sa ko azurfa ta yi kama da zinari, mai saye ya ce kin yaudare shi. Rubutun da ya shafe kuma, kamar na tsohon kwabo, haske daga gefe yake so. Ki kwantar da tocilan ƙasa-ƙasa a gefe ɗaya, ki riƙa juya kuɗin a hankali, za ki ga baƙaƙen sun taso da 'yar inuwarsu.

Abin shimfiɗawa ya zama mara ado. Baƙin yadi ko toka-toka ga azurfa da zinari, farar takarda ga murjani da duwatsu masu duhu. Ban da zanen gado mai furanni. A hoto ɗaya aƙalla ki ajiye abin awon tela ko rula a gefe, don a san girman gaskiya. Lokacin hunturu kuwa ki goge gilashin da ƙyalle mai laushi kafin kowace ɗauka, bayan kin hure ƙurar, don ƙwayar ƙura a wannan girma kamar tsakuwa take fita.

Kowane kaya da abin nema a jikinsa

Zinari da azurfa: ki ɗauki kayan gaba ɗaya, sannan maɗauri, sannan tambari. Tambarin yakan kasance a cikin zobe, ko a ɗan harshen da ke kusa da maɗaurin sarƙa. Lamba 750 tana nufin karat 18, 875 karat 21, 916 karat 22, 999 kuma karat 24. A azurfa 925 aka fi gani. Amma ki ji da kyau, tambari ba ya tabbatar da zinari, don masu jabu ma suna bugawa. Awo da gwajin maƙeri su ke tabbatarwa. Amfanin hoton shi ne ya nuna wannan kayan naki ne. Don haka ki nemi tabo, ko karce, ko wurin da aka taɓa yin gyara, ki ɗauke shi da kyau. Abin da kike ɓoyewa in za ki yi kwalliya, shi ne babbar shaidarki, don sarƙa iri ɗaya suna da yawa, amma ba biyu masu tabo ɗaya.

Tsofaffin kuɗi: gaba da baya, da shekara. 'Yar uwarmu ta Zariya, ga abin da za ki nema a naki. Anini mai huda a tsakiya an fara buga shi a 1907, da goran ruwa, daga baya aka koma wani ƙarfen mai nauyi. Yana da tauraro mai tsini shida a gefe ɗaya, da rubutun Larabci a ɗayan. A jikin da yawa daga kuɗin wancan zamani akwai ɗan harafi H ko KN, ƙanana ƙwarai, alamar masana'antar da ta buga su a Ingila. Masu tara kuɗin da suna kula da waɗannan haruffa, kuma ido kaɗai da ƙyar yake ganinsu. Akwai ma kwabo da ɗari da anini na 1936 masu sunan Sarki Edward na Takwas, wanda bai cika shekara a gadon sarautar Ingila ba. Babban Bankin Nijeriya ya fito da nasa kuɗin a 1959, sannan aka koma naira da kwabo ranar 1 ga Janairu, 1973, sule da sisi suka zama tarihi. Liyari kuwa, mai hoton sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, in kin ga 1780 a jikinsa kada ki ɗauka lallai a shekarar aka yi shi. Shekarar rasuwarta ce, kuma an ci gaba da buga shi da wannan shekara ɗin har bayan ƙarni biyu. Nauyinsa kamar giram 28 ne.

Abu biyu zan roƙe ki. Kada ki wanke tsohon kuɗi da toka ko tsamiya ko lemon tsami don ya yi kyau a hoto. A wurin masu saye, wanda aka goge darajarsa ta faɗi, dattin shekarun shi suke so. Ki riƙe shi ta gefe-gefe. Sannan kada ki sa rai da yawa. Yawancin waɗannan kuɗi an buga su da ɗimbin yawa, darajarsu ta tarihi ta fi ta kasuwa. Duk wanda ya ce aninin gidanku zai sayi mota, amma sai kin fara ba da kuɗin gwaji ko na rajista, ɗan damfara ne.

Kwanuka da tasoshi da tangaran na jere: ki kifa su ki ɗauki tambarin gindi, da duk inda fenti ya ɓantare. Murjani da tsakiya: ki ɗauki bakin hudar, don nan ne masana ke duba tsufa da bambancin dutse da roba. Hula da aikin wuyan riga: haske daga gefe, ki ɗauki fuska da kuma ciki, don mai saye da ya san aiki bayan ɗinki yake dubawa ya gane na hannu ne ko na keke.

Kashedi

Yanzu ga abin da ya shafe mu mu matan kulle musamman. Tasa da faranti da zinari madubi ne. Ki buɗe kowane hoto ki ƙara girmansa kafin ki tura, don sau da yawa fuskar mai ɗauka, da kanta ba ɗankwali, da cikin ɗakinta duk suna nan a jikin kayan. Maganinsa, ki huda farin kwali daidai idon wayar, ki ɓoye a bayansa, sai kwalin ya fito a maimakonki, kuma ya ƙara wa kayan haske.

Na biyu, waya tana iya liƙa wa hoto bayanin wurin da aka ɗauke shi. Ki sa a kashe miki wannan a saitin kyamara. In kika tura hoto a WhatsApp yadda aka saba, yana matse shi ƙananan rubutu su dusashe, sai dai ki zaɓi HD, wanda aka ƙara a 2023. In kuma kika tura shi a matsayin fayil, yana zuwa da cikakken kyansa, amma har da wancan bayanin wuri in ba a kashe ba.

Na uku, hoton shaida ba na nunawa ba ne. Kada ki ɗora zinarinki a inda kowa ke gani, kina kiran ɓarawo da hannunki. Ki ajiye a wayarki, ki ba mutum ɗaya amintacce kwafi, don waya tana faɗawa ruwa, tana ɓata. In da hali a wanke hotunan a takarda, a rubuta a baya: kaza ne, nauyinsa kaza, na gada daga wance. Ranar rabon gado, wannan 'yar takarda tana iya kashe wutar da shekara goma ba ta kashe ba.

In za ki ba da aro ko ki ba dillaliya, ki ɗauki hoton a gabanta, ki tura mata nan take. Na san akwai nauyi, za a ce ba ki yarda da ita ba. Ki ce da ita don kariyarku ce ku biyu, kuma gaskiya ne, don wadda ta ari sarƙar goggona, in har ba ta ci amana ba, ita ta fi kowa buƙatar wannan hoto.

Aikin gida na wannan mako: ki zaɓi abu ɗaya daga cikin akwatinki, ki kai shi bakin taga gobe da hantsi, ki kifa langa, ki ɗauke shi hoto uku, gaba da baya da tambari. In na farko bai yi ba, ki sake, ba fim kike ƙonawa ba. 'Yar uwarmu ta Zariya, muna jiran ki rubuto ki gaya mana wace shekara kika karanta a jikin aninin mahaifiyarki.

Nan za mu dakata, agogo ya harare mu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A gaida maigida, a shafa kan yara. Wassalamu alaikum warahmatullah.